Ɗigo Biyar na Sau-Bakwai

Akwai zagin da in an yi wa mutum sai ya yi dariya, don ya san kayansa ne aka miƙo masa. Ka ce wa Sau-Bakwai mai taurin kai, zai gyaɗa kai ya ce gado ne, daga uwa daga uba. Ka ce masa mai mita, zai ce ai ba ka ji komai ba, ka dawo ranar Litinin. Amma ƙazami? To ita ce kalmar da aka buga da inji, aka danna mata hatimi, aka naɗe a ambulan, aka miƙa masa wata Talata da hantsi yana tsaye a bakin famfo, hannu duk kumfa har gwiwa. Sai da ya ɗauraye hannun, ya goge, ya sake gogewa, sannan ya karɓa. Ko takardar da ta zo cin mutuncinsa bai yarda ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu ba.

Shekararsa ashirin da bakwai a ɗakin gwaje-gwaje, wato lab, na sashen sinadarai, hawa na biyu, ƙarshen baranda, inda fanka ɗaya ke juyawa, ɗayar kuwa ta ajiye aiki tun tuni ba wanda ya sanar da ofis. A takarda sunan aikinsa mataimakin ma'aikacin lab. A bakin mutane kuwa mai wankin kwalba. Laƙabin ya samo shi ne daga yadda yake ɗauraya: sau uku da ruwan famfo, sau uku da tataccen ruwa, sai na bakwai wanda shi kansa ya ce ba na kwalbar ba ne, na kwanciyar ransa ne. In ya gama sai ya ɗaga ta saitin taga, ya rufe ido ɗaya, ya juya ta a hankali kamar mai sayen zobe. In ruwa ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a jikin gilashin maimakon ya gangara shimfiɗe, to ta koma baya, a sake daga ɗaya.

Ubansa mai gyaran agogo ne, a wurinsa ya gaji hannun da ba ya rawa. Ya gama sakandare idon tsohon ya fara dishi-dishi, ƙannen kuma na nan reras, sai karatu ya tsaya a nan. Da tsintsiya ya shiga ginin. Tsohon Farfesa, wanda ya kafa lab ɗin, shi ya kama shi wata rana ya jingine tsintsiya yana karanta rubutun jikin kwalabe baki na motsi. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce, “Kai, zo nan. Riƙe wannan. Ɗiga min goma, kada ka ƙara kada ka rage.” Ya ɗiga goma. Daga ranar tsintsiya ta sami wani ubangidan. Tsohon ya koya masa awo, ya koya masa zafin tanderu, ya kuma dasa masa magana ɗaya wadda har gobe ba ta fita ba: “Abin da ba ka rubuta ba, ba ka yi shi ba.” Ya saya masa babban littafi mai baƙin bango. Doka ce ta lab: duk aikin da aka yi a rubuta, mai binciken kuma ya karanta ya sa hannu a ƙasan shafi. A riƙe wannan dokar a zuciya, za mu dawo kanta.

Abin da ake dafawa a lab ɗin, in ka gan shi a cokali za ka ce hodar jarirai ce. Farin gari. Tutiya ce, wani irin ƙarfe, da ta haɗu da iskar oksijin, kamar dai yadda ƙarfe ke haɗuwa da ita ya yi tsatsa, sai dai tsatsar tutiya fara ce tas. Ƙwayoyinsa kuwa, ka ɗauki gashi ɗaya daga kanka, in akwai, ka raba kaurinsa gida dubu, to ka kusa zuwa. Ido ba ya gani. Sai an kai ƙasan bene, ɗakin sanyi, inda wata ƙatuwar na'urar hoto take, wadda kowa ke kira Giwa saboda girmanta da kuma yawan fushinta. Matar da ke sarrafa ta, Mai Giwa, ita ke fito da hotunan. A hoton ne za ka ga abin mamaki: garin nan ba gari ba ne, ƙananan sanduna ne masu gefe shida, kai ka ce an zazzage kwalin fensir.

Me ake yi da su? Ana zuba su cikin ruwan rini, irin wanda masana'antu ke kwararowa cikin kwata, a sa a rana, su cinye launin. Sai dai ba duk jikin fensirin ke aiki daidai ba. Gefen nan shida malalata ne. Kan fensirin, ɗan filin nan na sama, shi ne mai yunwa. Kuma da yake shi ne mai yunwa, ta nan ƙwayar ke tsawo tun tana cikin kwalba, ta yi ta miƙewa, sai a tashi da dogon jiki da ɗan mitsitsin baki. Duk masu wannan harkar burinsu ɗaya: a sami ƙwaya mai faɗin kai da gajeren jiki, kamar kwabo mai kusurwa shida.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata Alhamis, aka ɗauke ruwa. Ruwan ginin yana barin farin dasashi a gilashi, don haka Sau-Bakwai kan jiƙa kwalabensa a ruwan garin tsami, irin tsamin da ke cikin lemo, kafin ya fara ɗaurayar tasa. Ranar yana kan ta biyu famfo ya yi tari ya yi shiru, tulun tataccen ruwa kuma saura na haɗi kawai. Tsohon Farfesa na sauri, ya ce a yi haka nan. Sau-Bakwai ya yi, ransa a ɓace, ya kuma rubuta a littafi cewa ɗauraya biyu aka yi, ba da son ransa ba. Da hoto ya fito, Mai Giwa ta hau bene da kanta tana haki.

“Malam, me ka zuba? Fensiranka sun zama kwabbai.”

Wani da ya ce ikon Allah ya wuce. Shi kuwa ya kwana uku abin na cinsa. Ya wanke kwalabe huɗu, sau bakwai-bakwai, ya haɗa ruwan tsami da awo, ya ɗiga ɗaya a ta farko, uku a ta biyu, biyar a ta uku, takwas a ta huɗu. Ɗigo ɗaya: fensir ya gajarce. Uku: ya zama kamar guntun alli. Biyar: kwabo, sumul, kusurwa shida cif. Takwas: ƙwayoyin suka cure suka zama tarkace. Tsamin ne ke zuwa ya zauna daram a kan mai yunwar nan ya hana shi tsawo. Yadda shi ya bayyana wa Mai Giwa, “Kamar ki ɗora wa yaro mai tasowa buhu a ka ne. Ba tsawo, sai faɗi.” Tsohon Farfesa ya ga hotunan ya yi murna har da tafi, ya ce za su rubuta. Wata biyu bayan nan ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Hotunan suka shiga durowar Mai Giwa, maganar ta shiga littafi, littafin ya cika aka hau da shi kan kanta aka buɗe sabo.

Sai ga Dakta. Ya dawo daga karatu da digiri uku, waya biyu, da takalmin da ke sanar da zuwansa tun daga matakala. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Mutum ne dai da bai taɓa jin maganar da ta fito daga ƙasa da kafaɗarsa ba. Ya zo da niyyar yin kwabban nan masu kusurwa shida, yana da tsarinsa na zafi da lokaci. Wata biyar yana sauya zafi. Fensir. Ya rage, fensir. Ya ƙara, fensir masu ƙiba. Mai Giwa ta ce in aka ci gaba a haka gara a buɗe shagon kayan makaranta.

Sau-Bakwai ya gaya masa sau biyu. Na farko a bakin tanderu. “Yallaɓai, da za a ɗiga ruwan tsami biyar...”

“Tsami? Na wanki? Baba, kai dai ka riƙe wankinka, ka bar min kimiyya.”

Baba fa. Tsakaninsu shekara goma sha biyu. Sau-Bakwai ya koma wankinsa.

Na biyu a baranda ne, bayan wata guda, Dakta na waya, ɗayar wayar kuma na kuka a aljihu. “Yallaɓai, ka ba ni izini in gwada ɗigo biyar ɗin nan a haɗin gobe?” Dakta ya kaɗa masa hannu kamar mai korar ƙuda. “Yi, yi, yi duk abin da za ka yi, ka dai sa tanderu a kan zafin da na rubuta.” Ya ci gaba da wayarsa.

Ya yi. Kwabbai suka fito. Dakta ya hau bene yana ihu, ya rungumi Farfesa, shugaban sashe na yanzu, ya ce sabon zafinsa ya yi aiki. Sau-Bakwai yana gefe da tsumma a kafaɗa ya buɗe baki, “Yallaɓai, ai ɗigon...” Aka ce masa ya je ya kawo kujeru. Ya kawo kujeru. Ya koma ya rubuta a littafi da kyakkyawan rubutunsa mai kwanciya: ruwan tsami, ɗigo biyar, bisa izinin Dakta. Ya kai littafin ofis da yamma. Dakta ya sa hannu idonsa a kan kwamfuta. Haka aka yi ta yi, haɗi bayan haɗi, shekara ɗaya da rabi. A ran Sau-Bakwai, tunda mutum ya sa hannu ai ya karanta. Wannan ne kuskurensa, in kuskure ne: ya ɗauka kowa tsohon Farfesa ne.

Takarda ta fita a mujallar masana da sunaye huɗu a sama, har da na wani da bai taɓa hawa benen ba. Aka yi hoto, aka manna a allon sanarwa. Ba tsami a ciki ko ɗigo. Wata takwas bayan nan wasiƙa ta zo daga wani lab a wata ƙasa. Sun bi tsarin Dakta sau goma sha biyu, fensir suke samu. A taimaka a aiko musu da samfur. Aka aika da alfahari. Suka auna, suka rubuto cikin ladabi mai ciwo: akwai ɓurɓushin tsami a fuskar ƙwayoyinku, ko kun manta ba ku ambata ba?

Yanzu fa a duba yadda kan mai digiri uku ke aiki in wuta ta kama gefen rigarsa. Tsami? A ina ake amfani da tsami a lab ɗin nan? Wurin wanki. Wa ke wanki? Shi ke nan, an gama bincike. Cikin kwana biyu aka buga takardar tuhuma: sakaci da ƙazantar kayan aiki, wanda ya jawo gurɓatar sakamako da zubar da mutuncin sashe. Ya bayyana gaban kwamiti ranar Talata mai zuwa. In an same shi da laifi, kalmar ta zauna a fayil ɗinsa har abada, a kuma mayar da shi sito wurin rabon tsintsiya da sabulu. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Da tsintsiya ya shigo, da tsintsiya ake so ya fita.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗakin gaba kusa da taga. Da ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba, ta san akwai magana. Ya miƙa mata. Ta karanta sau ɗaya, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake karantawa.

“Ƙazanta? Kai?”

“Haka suka rubuta.”

“Shekara ashirin da shida, Malam! Shekara ashirin da shida ina wanke kofi kana binsa a baya kana ɗagawa a rana. Yayata ta daina shan ruwa a gidan nan saboda kunya, ta ce tana ajiye kofi kake bin sa da ido. Ranar da aka haifi babbarmu, a asibiti, ka ce wa nas ta sake wanke almakashi, har ta kira mai gadi. Duk wannan wahalar na sha, sai yau wani ya zo ya ce ashe ƙazami nake aure? A'a wallahi. In kai ka yafe ni ban yafe ba.”

“Ki rage murya, maƙwabta.”

“Su ji! Su ma ka ishe su. Wa ya hana matar gidan can shanya a igiyarmu, wai tsummanta bai fita ba?”

Ya yi dariyar da bai shirya ba.

Kashegari Farfesa ya kira shi ofis. Mutum ne mai laushin murya, irin waɗanda ke yanka ka suna tambayar lafiyar iyali. Ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

“Malam, mu duka mun san kai waye. Takarda ce kawai. Ka je ka ce kuskure ne, ranar ruwa ya yi ƙaranci, ɗan Adam ajizi ne. Ni zan tsaya maka, ba za a kai ka sito ba. Yaron nan Dakta yana gab da ƙarin girma, ga sunan sashe. Kuma takarda ta gaba za mu sa sunanka a ƙasa, wurin godiya. Ka san ba a taɓa yi wa ma'aikaci haka ba.”

“Ranka ya daɗe, kalmar fa?”

“Wace kalma?”

“Ƙazanta. Za ta zauna a fayil?”

“Haba Malam, wa ke karanta fayil?”

“Ranka ya daɗe, akwai littafin aiki, in za ka...”

“Ka je ka yi tunani,” in ji Farfesa, yana duba agogo.

Ya yi tunanin. Kwana huɗu yana yi, yana wanki, kwalba ɗaya har sau tara don ya ɓata ƙirga. Abin da ke damunsa, in ya buɗe littafin nan gaban mutane, Dakta ya tozarta, shi kuwa bai taɓa tozarta kowa ba. Ya gaya wa matarsa haka ranar Asabar da rana, tana yanka yadi.

Ta ajiye almakashi. “Wato akwai shi a rubuce?”

“Kowane haɗi.”

“Ya sa hannu?”

“Kowane shafi.”

“Kai kuma kana zaune kana tausayinsa. Malam, shi da ya tashi shafa maka kashin kaji ya nemi shawarar matarsa? Ai ba kai za ka tozarta shi ba, hannunsa ne. Kai dai ɗauki littafi ka kai, ka bar biro da mai biro su sasanta.”

Ranar Litinin ya yi haɗi biyu a kwalabe biyu da ya wanke a gaban Mai Giwa, tana ƙirga masa da ƙarfi har bakwai. Ɗaya ba tsami. Ɗaya ɗigo biyar. Ita kuma ta jawo durowa ta kakkaɓe tsofaffin hotunan nan huɗu. Ta ce, “Ba a gayyace ni ba, amma ƙofar ɗakin taro ba ta da sakata.”

Kwamitin mutum uku ne. Biyu daga cikinsu an san su, duk inda aka zauna su ne ke tambayar ƙarfe nawa za a tashi. Shugabar kuwa tsohuwar malamar tarihi ce, tabarau rataye da sarƙa, wadda rayuwarta kaf karatun tsofaffin takardu ne. An ce ko takardar naɗin ƙosai... a'a, ko rasit ɗin wuta aka ba ta sai ta karanta har bayansa. Wanda ya zaɓe ta bai yi wa Dakta alheri ba.

Sau-Bakwai ya shigo da kwando. Ya gaida kowa. Ya nemi izini, ya fito da kwalabe biyu na ruwa shuɗi shar, ya zuba farin garin haɗin jiya, kowace da nata, ya girgiza, ya jera su a bakin taga inda rana ke bugawa. Ya manna wa ɗaya takarda mai cewa babu, ɗayar mai cewa biyar.

“Mene ne wannan?” in ji Shugaba.

“Shaidu ne, ranki ya daɗe. Ba sa saurin magana, sai an ɗan jira su.”

Dakta ya fara. Ya yi minti ashirin da biyar, da allo da hotuna. Ya yi bayanin fuskokin ƙwaya da kyau, a ba shi wannan, ya iya bakinsa. Ya ce tsami ya shiga haɗinsa ba da saninsa ba, ta hanyar kwalaben da ba a ɗauraye sosai ba. Ya ce yana girmama Baba ƙwarai, amma kimiyya ba ta san girma ba.

Shugaba ta juya. “Malam, ka ji. Tsami ya shiga?”

“Ya shiga, ranki ya daɗe. Ni na sa shi.”

Ɗaya daga cikin masu duba agogo ya rufe fayil ɗinsa, ya ga an gama.

“Da gangan?”

“Da awo.”

Mai Giwa ta taso daga kujerar baya ta shimfiɗa hotuna huɗu a tebur. Sau-Bakwai ya bi su da yatsa bai taɓa ba. “Wannan ɗigo ɗaya. Wannan uku. Wannan biyar. Wannan takwas, ya lalace. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ga kwanan wata a baya. Ranki ya daɗe, in daga rashin ɗauraya ne, yau zai yi yawa gobe ya yi kaɗan, yau kwabo gobe tarkace. Haɗi sittin da uku muka yi wa Dakta, duka kwabo, girma ɗaya. Ƙazanta ba ta iya ƙirga biyar ba.”

“Ko da haka ne,” Dakta ya miƙe, “wa ya ba shi izinin zuba abu a haɗina a ɓoye? Wannan ai ya fi sakaci muni!”

Sai aka fito da littafi mai baƙin bango daga ƙasan kwando, naɗe a tsumma mai tsabta. Shugaba ta ɗora tabarau. Ta buɗe inda aka sa alama.

“Ruwan tsami, ɗigo biyar, bisa izinin Dakta.” Ta kai yatsa ƙasan shafi. “Wannan sa hannunka ne?”

Dakta ya leƙa. “Nawa ne, amma...”

Ta juya shafi. “Ruwan tsami, ɗigo biyar. Wannan fa?”

“Shi ma.”

Ta juya. Jama'a, matar nan ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shafi sittin da uku, tana karantawa tana tambaya, murya ɗaya, kamar mai kiran sunayen 'yan aji. A na goma sha tara Dakta ya zauna. A na talatin Farfesa ya tuna yana da wani abu a cikin wayarsa. A na arba'in da ɗaya zufa ta gama da kwalar rigar Dakta, ya buga tebur.

“Haba! Ai ba wanda ke karanta wannan littafin! Sa hannu kawai ake yi!”

Shugaba ta dube shi ta saman tabarau, ta juya ga magatakarda. “Ka rubuta wannan yadda ya faɗe shi.” Ta koma shafi na arba'in da biyu.

Da ta kai ƙarshe ta rufe littafin, ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa kan taga. Kwalbar babu tana nan da shuɗinta, ya ɗan kwanta kaɗan. Kwalbar biyar kuwa ana hango bishiyar waje ta cikinta.

“To, shaidunka sun yi magana,” in ji ta. “Me kake nema, Malam?”

Nan ne wani zai zage ya nemi sunansa a saman takarda, ya nemi ƙarin girma, ya nemi a ba shi haƙuri a gaban taro. Ya cancanci duka ukun, har da na huɗu in akwai. Shi kuwa ya ce, “A cire kalmar.”

“Za a rubuta cewa an wanke ka.”

“Ranki ya daɗe, in an rubuta an wanke ni, mai karatu zai ce da can da datti. A ciro takardar daga fayil gaba ɗaya, a ba ni a hannuna.”

Magatakarda ya ce ba a taɓa yin haka ba. Shugaba ta ce ta karanta dokokin, ba inda aka hana. Ba wanda ya yi mata musu, don kowa ya san ta karanta. Aka kawo fayil, aka zare takardar a gabansa, ya duba ko akwai kwafi, akwai, aka zare shi ma.

Kada kowa ya yi saurin tafi. Bayan wata uku gyara ya fita a mujallar. Ga abin da aka rubuta: bayan zurfafa bincike, mun gano cewa ɗan tsami kaɗan ne ke juya siffar ƙwayoyin. Mun gano! Su wa? Sunaye huɗun nan dai, har da na mutumin da bai san hanyar benen ba. Godiyar da Farfesa ya yi alkawari ta bi ruwa, tunda ba a amsa laifi ba. Ƙarin girman Dakta ya yi jinkirin shekara ɗaya, shi ke nan hukuncin, yanzu ma ana gayyatarsa wurare ya yi bayanin yadda tsami ke zama a kan fuskar ƙwaya, har da misalin yaro da buhu, wanda ya ji a bakin Mai Giwa. Da matar Sau-Bakwai ta ji sai da ta karya allura biyu a rana ɗaya.

Abu ɗaya dai ya sauya a hawa na biyu. Kwamiti ya sa doka: ba a sa hannu sai an karanta a gaban marubuci. Kullum ƙarfe huɗu Sau-Bakwai na tsaye a ofishin Dakta da littafi a buɗe, yatsa a layin farko. Rubutunsa kuwa ya ƙara tsawo. Zafin ɗaki, ƙarfin ruwan famfo, sau nawa wuta ta ɗauke, wace kwalba ce ta koma baya. In Dakta ya yi saurin kai biro, sai ya ce, “Yallaɓai, akwai bayan shafi.”

Takardar tuhumar ya kai gida ya ajiye a kan keke. Matarsa ta juya ta, ta ja ta da yatsu, ta ce takarda ce mai kauri, ba za a yi asararta ba. Ta shimfiɗa ta, ta zana kwalar riga a kai, ta bi da almakashi. Hatimin ya faɗa cikin kwalar. Layin da ke da kalmar ya faɗo ƙasa cikin guntayen yadi. Sau-Bakwai ya duba, ya ɗauko tsintsiya da abin kwashe shara, ya share wurin, ya tsuguna ya duba ta saitin haske, ya sake sharewa.